A Bayan Babur ɗin Fada

A shekarun da arzikin man fetur ya fara cika jami'o'i da ɗalibai, Dogara yana shekararsa ta ƙarshe a Zariya, kuma duk ɗalibin Katolika mai nauyin barci ya san bugun ƙofarsa ranar Lahadi. Shi ke bin ɗakuna yana tara mutane zuwa Mas, wato ibadar coci, shi ke zama da sababbin shiga yana koya musu addu'o'i. Wata Lahadi yana raba littattafan waƙa a bakin coci, sai wata yarinya ta karɓi nata ta ce, “Sannu da aiki, Ƙaramin Fada.”

Ya tsaya cak. Ba mai kiran sa da wannan suna sai mutanen Gidan Sabo, ƙauyensu na Maguzawa da ke bayan Sara a ƙasar Gwaram.

“A ina kika san ni?”

“Ni ce Raliya, ’yar Malam Iliyasu, sabon katakis, malamin cocin garinku. Kullum sai Baba ya yi mana kwatance da kai.”

Ranar dai, ko abin da aka karanta a Mas Dogara bai ji ba.

Sunan yana da tarihi. Yana ƙaramin yaro mahaifinsa ya rasu, sai wani Fada Bature, wato limamin cocin Katolika, wanda ake kira Fada Mai Babur, ya goya shi a babur ya kai shi makarantar mishan. Tun daga nan gari ya yanke, ba tare da an tambaye shi ba, cewa shi ne zai zama Fada na farko a cikinsu. In ya gama digiri, sai makarantar horar da Fada-fada a Jos. Mahaifiyarsa, Inna Batulu, ta yi shekaru tana kaɗi har aka saƙa mata farin ƙyallen rigar da zai sa. Fada kuwa ba ya aure, wannan ko ɗan yaye ya sani.

Raliya ta shiga ƙungiyar ɗaliban Katolika, ita ke ba da waƙa. Tun suna gaisawa a tsaye har suka koma rakiya zuwa ƙofar ɗakin kwanan ’yanmata, yana kiran ta Zabiyata, tana dariya tana cewa ya kiyayi bakinsa. Wata rana ya buɗe littafin waƙarsa ya tarar da ’yar takarda: “Ƙaramin Fada, na roƙi Allah ya cire mini kai daga raina, sai na ga kamar bai ji ba. Ko kai ma ka taya ni roƙo?”

Ya amsa a bayan takardar: “Zabiyata, na taya ki. Ni ma bai ji ba.”

Da hutun damina ɗaliban suka zo ƙauyukan Gwaram yin bishara da koyar da karatu. Malam Iliyasu ba yaro ba ne, kallo ɗaya ya yi wa Dogara da Raliya a gindin ɗorawa ya gane. Ya kira ’yarsa ya ce shi bai ƙi yaron ba, yana son sa ma kamar ɗan cikinsa. “Amma abin da aka keɓe wa Allah, ba a gidana za a ci shi ba.” Ya hana ta ko gaishe shi.

Dogara da Raliya suka haɗu a hanyar rijiya, idanunta sun kumbura. Ta ce mutum ɗaya ne Baba zai ji maganarsa, ya je ya gaya wa Fada.

Ya je kuwa. Sai dai duk sa'ad da ya zauna gaban tsohon, ya ga farin gashin nan da hannun da ya fara riƙa masa alli, sai kunya ta ɗaure masa harshe, ya ɓige da hirar ruwan sama. Bawan Allah mai tsayawa gaban ɗaruruwan ɗalibai yana wa'azi, ga shi ya kasa haɗa kalma biyu.

Sai dabara ta faɗo masa. Ranar Asabar, lokacin furta zunubi, ana rataye asabari tsakanin Fada da mai tuba, ba mai ganin idon wani. Nan Dogara ya durƙusa ya zazzage komai, har da hawaye.

Fada ya ce, “Ɗana, wannan ba zunubi ba ne. Amma ka sani, abin da aka faɗa a nan, a nan ake binne shi. In kana so in san shi, ka zo ka faɗa mini a waje.”

Dogara ya san dokar, shi da ke koya wa wasu ita. Amma ya ɗauka ko ta yaya Fada zai sami hanya. Ya gaya wa Raliya an gama, ta kwantar da hankalinta.

Ba a gama komai ba. Fada ya saya masa akwatin ƙarfe, ya sanar da ranar tafiyarsa a coci, mata suka rangaɗa guɗa. Raliya tana cikin mawaƙa muryarta ta karye. Da yamma ƙanenta ya kawo wa Dogara carbin da ya taɓa ba ta, da saƙon cewa da ya faɗa mata gaskiya ya fi. Ya rasa yadda zai wanke kansa. Shi kuma Fada ya bi ya rame, yana ganin yaron da ya raina yana tafiya inda zuciyarsa ba ta, bakinsa kuwa a ɗaure.

Ranar tafiya aka ɗaure akwati a babur, za su Birnin Kudu inda zai shiga mota. Inna Batulu ta sa masa albarka. Ƙofar gidan katakis a rufe take.

Fada, wanda aka sani da gudu, ranar tafiyar hawainiya yake yi. Ya tsaya duba taya, ya tsaya gaida manoma, ya tsaya shan ruwa. Kowace tsayawa sai ya dubi Dogara, Dogara ya sunkuyar da kai. Har duwatsun Birnin Kudu suka bayyana.

Dogara yana riƙe da rigar tsohon kamar ranar da aka fara kai shi makaranta, sai ya lura ba ya ganin komai sai ƙeya. Ba ido, ba fuska, kuma ba asabari.

“Fada, ina son Raliya. Aurenta nake so in yi.”

“Me ka ce? Iska ta ɗauke!”

Ya sake faɗa da ƙarfi, har wata Bafulatana mai tallar nono ta waiwayo. Fada ya juya kan babur a tsakiyar hanya, ya murɗa mai kamar zai tashi sama, Dogara yana jin ƙirjin tsohon yana girgiza, bai san ko dariya yake ko kuka ba.

A ƙofar Malam Iliyasu suka tsaya. Fada ya cire takalmi ya zauna a tabarma, ya ce yau ba a matsayin Fada ya zo ba, uba ne ya zo nema wa ɗansa aure. Ya tuna wa katakis abin da shi da kansa yake koya wa yara, cewa aure ma kira ne daga Allah. Malam Iliyasu ya ce shi dama tsoro yake ji, ba ƙi ba.

Bayan kaka aka ɗaura auren, ɗalibai suka ciko mota daga Zariya. Inna Batulu ta yi kukanta ta gama, sannan ta fito da farin ƙyallen nan ta yafa wa amarya da hannunta. Fada ya ɗora hannuwansa a kansu ya ce:

“Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka.”

Raliya ta matso ta raɗa wa Dogara, “Yanzu da wane suna zan kira ka?”

“Duk wanda kika ga dama, Zabiyata,” in ji Dogara, wannan karon yana kallon ta ido cikin ido.