Liba ta Sha Huɗu

A Mararrabar Tsamiya, cikin shekarar 2094, layin dogo tara ne ke haɗuwa, na'ura ɗaya ce kuma ke raba musu hanya. Rabau ake ce mata. Ba ta da jikin da za a nuna, tana dai cikin wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Jirgi zai taho daga kudu da gudun kilomita ɗari uku a awa, wani ya taho daga gabas, sai ka ji ƙarfen layi ya ce ƙas, kowanne ya wuce ta gefen ɗan'uwansa.

A tsakiyar layukan akwai wani tsohon bene na jan bulo, hasumiyar sigina, wadda aka gina tun zamanin jirgin gawayi. A samanta akwai liba arba'in, wato sandunan ƙarfe da ake ja da hannu a canza wa jirgi layi ko a tsayar da shi. Ƙarƙashin daɓen kuma makullai ne masu shiga juna, yadda in ka buɗe wa jirgi ɗaya hanya, libar wanda zai yi karo da shi ba za ta motsa ba, ko ƙarti goma ne suka ja. Da Rabau ta zo, sai aka yi ta yanke wayoyin libobin, aka mai da benen gidan tarihi. Ta sha huɗu kaɗai ta rage a haɗe, don wayarta ta bi ta bayan wani dutse mai nisa, ba wanda ya damu ya bi ta.

Mato ne mai kula da wurin. Kakansa ya ja libobin nan, ubansa ya ja, shi ma ya ja shekara ashirin kafin a ce ya koma shara da yi wa baƙi bayani.

Ran wata Talata, farkon rani, matar Ardo Giɗaɗo, shugaban makiyayan yankin, ta hawo benen da hantsi, ta ajiye ƙwaryar kindirmo, ta juya ta sauka. Mato ya gane. Bayan azahar garke zai tsallaka.

Biyu da rabi sai ga Injiniya Lantana daga kamfanin jiragen, riƙe da injin yankan ƙarfe. Ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Baba, matsa mini. Ta sha huɗu na zo yankewa."

"Yau? 'Yar nan, ki bari sai gobe mana."

"Injiniya ake ce mini. Rabau ta karanta duk rajistar benen nan, ta shekara ɗari da talatin. Sau biyu kowace shekara, farkon rani da farkon damina, libar nan tana tsayar da jirgi minti arba'in. Kakanka ya rubuta ta cije. Ubanka ya rubuta ta cije. Kai ma haka. Gida uku na masu sigina, an rasa mai zuba mata mai?"

Mato ya ji maganar har ƙashinsa. Ya dubi agogo. Jirgin ƙarfe uku ya riga ya baro tashar gabas.

"Tsohon ƙarfe ne," in ji shi. "Yana da halinsa."

"Halinsa ya ƙare yau. Ku kuna son na'urar ta kunyata ne don a ce da ku aka fi iyawa. Na san irinku."

Ta durƙusa, ta kunna injin. Mato ya sa ƙafa ya take wayar injin.

"Cire ƙafarka, Baba, ko in yanke da ita."

Abin da Rabau ba ta sani ba shi ne, a bayan dutsen nan akwai burtali, hanyar shanu da ta girmi layin dogon. Idanun Rabau kan layi suke, ba sa ganin saniya sai ta taka ƙarfe, jirgi mai wannan gudun kuwa sai ya yi kilomita huɗu kafin ya tsaya. A zamanin kakan Mato, duk wanda ya tsayar da jirgi saboda shanu kora ce. Sai masu sigina da makiyaya suka shirya tsakaninsu: a aiko ƙwarya da safe, a ja liba da rana, a rubuta ta cije. Ba wanda ya taɓa faɗa wa wani mai hula da biro.

Saura minti tara jirgin ya iso burtalin. Mato ya faɗa mata. Bai rage komai ba.

Lantana ta kashe injin, ta miƙe a hankali. "Wato ƙarya kuka yi ta ɗura wa takarda, mu kuma muka ɗura wa na'ura? Mutum nawa ne tare da shanun?"

"Da mata da tsofaffi, sun fi sittin."

"To me kake jira? Ja mana, tsohon banza!"

Ya kama libar da hannu biyu, ya kwanta baya da ita. Can nesa jirgin ya yi ta kuka har ya tsaya. Ta gilashin benen suna hango ƙurar garken tana tashi a bayan dutse.

Ta fito da allon hannunta za ta yi rahoto. Mato ya matso, muryarsa ta yi ƙasa.

"Injiniya, don girman Allah, ki rubuta ta cije."

"Ni ba zan sa hannuna a ƙaryar gidanku ba. In na ɓoye, wa zai ja musu ran da ka mutu? Gara na'urar ta sani, ta riƙa tsayar da jirgin da kanta."

Ta rubuta gaskiya, ta aika.

Rabau ta sani. Sai dai ita an gina ta ne don kada jirgi ya makara, ba a taɓa gaya mata wani abu ya fi wannan ba. Kwana tara bayan haka motocin gini marasa direba suka iso, suka kafa katangar kankare mai tsawon mutum uku, kilomita tamanin ta kowane gefen dutsen. Lantana ta rubuta ƙorafi sau uku, amsar da ta samu ita ce an kawar da haɗarin.

Farkon damina Ardo Giɗaɗo ya zo da kansa. Bai hau benen ba, daga ƙasa ya yi kira.

"Mato! Shanuna na can kudu sun jingina da bango, makiyayarsu na nan arewa. Kakanka ya rufa mana asiri, ubanka ya rufa. Kai ne mai baki?"

"Ardo, da ban faɗa ba, da jirgin nan ta kanku zai bi."

"Ai da ka ɗaure injiniyar ka ja libar. Kora ce kawai za a yi maka."

Mato shi ma ya yi wannan tunanin ya fi sau ɗari. Ardo ya tofar da yawu a gindin bulon, ya saɓa sandarsa ya tafi.

Tun daga wannan shekara, jirgi bai ƙara makara a Mararrabar Tsamiya ba, ko da daƙiƙa ɗaya.