Gidan Sauron Asabe

Ruwa ya ɗauke ke nan a Tudun Wada, cikin daminar 1987, wata budurwa ta yi sallama a shagon Tanko tela, goye da yarinya 'yar shekara uku. Ta kwance ƙunshin da ke hannunta, sai ga tsohon gidan sauro duk ya ɓule.

Tanko ya ce gaskiya wannan ya wuce faci. Ta ce ya dai taimaka, shi kaɗai gare su. Da ya ɗago ya ga idonta ya cika da ƙwalla, sai ya ture aikin da ke kan keke.

Sunanta Rakiya. Yana ɗinki tana ba shi labari a hankali. Yayarta ta rasu wajen haihuwa, ta bar mata wannan yarinyar, Asabe, da ƙanin yarinyar, ubansu kuwa direban babbar mota ne, ba ya zama. Watan jiya zazzaɓi ya kama ƙaramin, kafin a kai asibiti ya sanƙare, bai tashi ba. Maƙwabciyarsu Dorcas, mai aikin jinya, ita ta ce mata cizon sauro ne, kada ta ƙara barin Asabe ta kwana ba gidan sauro. Ta ce har ta ji a wasu ƙasashe an fara jiƙa shi da magani, amma abin bai iso Kaduna ba.

Ba a daɗe ba Tanko ya ɗinka sabo ya kai musu. Daga nan ƙafarsa ta saba da zauren gidan, duk bayan la'asar.

"Kiya, ba ki taɓa tambayata abin da ke kawo ni ba," in ji shi wata rana, don haka yake kiranta.

Ta sunkuyar da kai. "Na sani. Amma ba ni kaɗai ba ce. Duk inda zan je, da Asabe zan je."

"Ai tare na gan ku, tare kuka shiga raina."

Babanta ya fi son Isiyaku, akawu a wata masaƙa a Kakuri, sai dai Rakiya ta sallame shi tun ranar da ya ce ba zai riƙe yarinyar ba. Can gidan su Tanko ma mahaifiyarsa, Inna Hauwa, ta ce ɗanta ba zai fara zaman aure da 'yar wani mai yawan ciwo ba. Kafin maganar ta iso kunnen Rakiya an ƙara mata gishiri, wai Tanko ya amince. Ta daina fitowa. Ya yi ta aike, shiru.

Ganin yarinyar ce ke hana 'yarsa aure, Baba ya sa aka mai da Asabe wurin dangin ubanta a Unguwar Mu'azu. Rakiya ta bi su da gidan sauron, tana roƙo a riƙa ɗaurawa, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Suka ce to. Amma ɗakin da zafi, ba wanda ya ɗaura. Sati biyu aka dawo da ita jiki kamar wuta.

Dorcas ce ta tsaya a shago ta faɗa wa Tanko. Ya roƙi mahaifiyarsa ta raka shi dubiya, ko don Allah.

Suka tarar da Rakiya a bakin gadon asibiti tana goga wa Asabe jiƙaƙƙen tsumma, ta rame, leɓenta ya bushe. Inna Hauwa ta daɗe a tsaye kafin ta zauna.

"'Ya'ya mata biyu na binne kafin in haifi Tanko," ta ce. "Dukansu da damina. Abin da na guje masa ke nan, 'yata, kada ya ga abin da na gani."

Ta karɓi tsumman, ta ce Rakiya ta je ta sa wani abu a cikinta.

A baranda Tanko ya tare ta. "Kiya, ban taɓa cewa ki rabu da ita ba."

Sai ta fashe da kuka.

Asabe ta tashi. Baba da kansa ya ce ya yi kuskure, ya aika a gaya wa Tanko ya turo magabatansa. Da kaka aka ɗaura aure, kuma motar da ta kai amarya ita ta kai Asabe.

Bayan 'yan rakiya sun watse, Inna Hauwa ta dafa kan Rakiya, ta dafa na ɗanta.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya. Ya raya mana wannan, Ya ba ta ƙanne, Ya nuna muku girmansu duka."

Suka ce amin. Asabe ma, da ke riƙe da gefen zanen Inna, ta ce amin.