Kaset Ɗin Ɗanzomo

Ɓarawon da zai tsallake kyamarar bidiyo sabuwa fil ya ɗauki kaset guda, ba yunwa ce ta kawo shi ba. Abin da Insfekta Barau ya fara rayawa ke nan da ya shiga ɗakin fasahar koyarwa na kwalejin malamai a Gumel.

Ubale, mai kula da na'urori, yana tsaye gumi ya jiƙa masa riga. Shi ya ɗauki hoton ɗaliban da suka je gwajin koyarwa a Ɗanzomo, gobe kuma masu jarrabawa za su zo daga jami'a su kalla. An riga an ce in kaset bai fito ba, a bakin aikinsa.

"Ba a ɓalle ƙofa ba. Wa ke da makulli?" in ji Insfekta.

"Ni da Malam Ɗantala, mai duba ɗalibai, ranka ya daɗe."

Aka kira Ɗantala. Ya shigo yana taku ɗai-ɗai, sai ka ce shi ya gina kwalejin.

"Ni ko Ɗanzomo ban je ba," ya ce. Ubale ya buɗe baki zai musa, Ɗantala ya katse shi. "Ku matsa wa yaron nan, kasuwar Maigatari ya kai kaset ɗin."

Insfekta ya lura da takardar da aka manna a jikin na'urar kallon bidiyo: KADA A TAƁA.

"Wannan fa?"

"Jiya ina kallo aka ɗauke wuta, kaset ya maƙale a ciki," in ji Ubale. Sai ya dafe kai. "Yallaɓai, na Ɗanzomo ne! Wanda na cire daga na'urar kafin in saka shi, shi na zura a kwalin na Ɗanzomo, haka nake yi kullum. Shi aka sata!"

"A tayar da janareta. A kira shugabar sashe," in ji Insfekta.

Madam Joyce ta zo, aka kunna. Wata mata ta bayyana gaban allo, ta ce sunanta Murja Ɗantala.

"Wannan ba Murja ba ce," in ji Madam Joyce. "Tsohuwar ɗalibarmu ce, ta gama shekara uku da suka wuce."

Kyamara ta juya bayan aji. Ga Ɗantala zaune daram, yana rubuta maki.

"Ba ka je Ɗanzomo ba, ko?" in ji Insfekta.

Ɗantala ya nemi kujera ya zauna.

"'Yata ce Murja. Sau biyu tana faɗuwa, in ta tsaya gaban aji bakinta mutuwa yake. Ni na sa a yi mata. Ana sallar Juma'a na ɗauke kwalin, don kada masu jarrabawa su gani."

"Ka ceci 'yarka, ka tura ɗan wani rami," in ji Insfekta, ransa a ɓace. "Kofur, tafi da shi."

A bakin ƙofa Ubale ya miƙa wa Ɗantala hannu.

"Malam, makullin ɗakina."