Kujerar Asabar

Ranar da Nazeefa ta fara ganin Badaruddeen, yana cikin kwata har gwiwa da shebur a hannu. A bakin kwatar ga wata kujerar katako mai koren fenti, wani tsoho zaune a kai yana shan lemo, samari da 'yan mata suna ta kwasar shara a ƙofar gidansa.

Ta tsaya da jakar cefanenta. "Malam, don Allah me ya sa kuke yawo da kujerar nan? Wancan makon a bakin famfo na gan ta."

Ya ɗago, shebur ɗin ya kusa faɗa masa a ƙafa. "Ke baƙuwa ce a Mpape?"

"Gidanmu na gindin dutse. Ba ma hawowa sama."

Sai ya fito daga kwatar ya yi mata bayani, yana magana yana kaiwa da komowa, don shi bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Ƙungiyar Asabar ce, ta masu fasa dutse da 'yan tireda da matan kasuwa. Duk mako sai a kai kujerar ƙofar wanda ya gaza, inda za a yi aiki Asabar mai zuwa. Duk wanda ya wuce ya gan ta sai ya ajiye abin da ya sawwaƙa a kanta, ba tambaya. Ranar aikin kuma maigidan zai zauna a kai, ba zai ɗaga ko tsinke ba.

"To idan ya tashi fa?"

"Sai kowa ya ajiye kayan aiki ya tafi."

Asabar ta gaba sai ga ta da na'urar awon jini, da yake makarantar koyon aikin jinya take. Shugaban ƙungiyar, Oga Bartholomew, ya dube ta ya dubi Badaruddeen ya ce, "Wannan yarinya ya zo auna tsofaffi ne ko ya zo auna kai?" Aka kwashe da dariya.

Haka suka ci gaba. Wannan makon gyaran rufi, wancan makon yanka matakala a hanyar ƙafa, wani makon wankin ɗakin shan magani. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, saƙonsu gajere ne.

"Ɗan kujera, ka wanke ƙafar nan da sabulu kuwa?"

"Na wanke, Likitata. Zuciyar ce ke bugu ba daidai ba, sai kin zo da na'urarki."

Wata rana ta faɗa masa a cikin hira cewa ruwan sama ya cinye matakalar ƙofar gidansu, har Abbanta ya zame. Mahaifin nata, Alhaji Yamusa, tsohon babban ma'aikaci ne da ya biyo ma'aikatarsu lokacin da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja. Da ya yi ritaya ya gina gidansa a gindin Mpape, ya sa masa ƙofar ƙarfe.

A makon nan Badaruddeen ne mai ɗaukar kujera. Bai shawarci kowa ba, bai ko gaya wa Nazeefa ba. Shi dai tunaninsa ya gyara matakalar, Alhaji ya san da shi. Ya kai kujerar ƙofar gidan Alhajin ya ajiye.

Washegari Alhaji Yamusa ya fito zai tafi gaisuwa, cikin babbar riga. Sai ya tarar da kujera a ƙofarsa, a kanta ga mudun gari a leda, da sandar sabulu, da silifas, da wata tsohuwar riga a ninke. Wani mai wucewa ya ce, "Sannu Baba, Allah ya kawo sauƙi."

Farouk, ɗan abokinsa na ofis wanda ya daɗe yana zuwa gidan saboda Nazeefa, shi ya fassara masa abin yana danne dariya. "Abba, wai an sa ka a layin mabuƙata."

Alhaji ya ja kujerar cikin gida ya kulle ƙofa. Ya ce wa Nazeefa ita da ƙungiyar har abada, ita da yaron nan kuma ko gaisuwa.

Da dare ta tura masa saƙo. "Badar, me ya sa ka yi haka? Abba ko abinci ya ƙi ci."

"Wallahi matakalar kawai na gani. Ki yafe mini, Likitata."

Ta kashe wayar.

Asabar ta zo, babu kujera, babu aiki. Badaruddeen ya je ƙofar gidan ya durƙusa. Alhaji ya miƙo masa buhun kayan da aka ajiye a kan kujerar.

"Tashi. Za ka kai ni wurin duk wanda ya ajiye mini abu, in mayar masa da hannuna. Ina so in ga idon wanda ya ɗauke ni mayunwaci."

Suka kama hanyar sama. Tun da Alhaji ya zo Mpape bai taɓa hawa ba. Tun yana fushi har ya koma tambaya. Wa ya yanka matakalar nan? Wa ya sa wa famfon nan bututu? Ina ruwan kwatar nan yake fita? Da ƙafarsa ta gurɗe a kan tsakuwa, Badaruddeen ya tare shi, shi kuma bai saki hannun ba sai da suka kai tudu.

Wadda ta ajiye mudun garin wata tsohuwa ce mai suna Iya, tana zaune a ɗakin da rabin rufinsa leda ce. Alhaji ya miƙa mata.

"Ni ba mabuƙaci ba ne, Iya."

"To ni na tambaye ka?" Ta mayar masa da ledar. "Kujera na gani. Da ta zo ƙofata ba wanda ya tambaye ni. Ka je ka sha da sukari."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi rufin. Bai sake neman mai silifas ba.

A hanyar saukowa ya ce, "An ce ka bar makaranta tun kana aji uku."

"Haka ne, Baba. Benci ne ba na iya zama a kai. Tifa nake tuƙawa a wurin fasa dutse."

"Na gani. Shi ya sa ka ɗauki kujera kafin ka yi tunani. Wanda ba ya iya zama, yaya zai zauna da 'yar mutane?"

Suka ci gaba da saukowa.

Da yamma Alhaji da kansa ya sa aka kai kujerar ƙofar Iya, da bandir ɗin kwano a jingine. Bayan an gama rufinta, sai ya kira Oga Bartholomew gefe suka yi magana.

Mako na gaba Badaruddeen ya dawo daga aiki ya tarar da kujerar a ƙofar ɗakinsa.

"Ɗakin gwauro ba ya ɗaukar amarya haka," in ji Oga Bartholomew. "Za mu shafe shi. Kai kuma ka san doka."

Ranar Asabar suka zaunar da shi. Alhaji ya zo da tabarmarsa ya zauna daura da shi yana kallo. Aka kwaɓa siminti da ruwa fiye da kima, Badaruddeen ya ciji leɓe. Rosemary mai sayar da tumatir ta riƙe burushin fenti a karkace da gangan, tana cewa, "Ango, zo ka nuna mini mana." Ya gyara zama. Da tsani ya goce, ya kusa zabura, sai wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗan kujera, kada ka tashi. Ina bayan ɗaki ina wanke taga. Idan ka tashi ni ma tafiya zan yi."

Ya kama hannun kujerar da ƙarfi ya zauna. Bai tashi ba sai da aka kira sallar La'asar, aka wanke kwanon siminti na ƙarshe.

Alhaji Yamusa ya naɗe tabarmarsa. "Ka turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Farouk ya zo ya ci shinkafa ya yi fatan alheri. Iya ta kawo wa amarya mudun gari, ta ce wannan ma ba a mayarwa.

Matakalar Alhaji kuwa, ranar Asabar ɗin bayan biki aka gyara ta. Ya fito cikin babbar rigarsa ya zauna a koriyar kujerar a tsakiyar ƙofar ƙarfensa, yana gaida masu wucewa. Surukinsa na durƙushe yana jera bulo, Nazeefa na miƙo masa ruwa.

"Allah ya yi muku albarka," in ji Alhaji. "Amma ta biyun nan ta karkace. Ni dai an ce kada in tashi."