Motar Kwatan Mil

"Kwanta, Baba — fuska a siminti!"

Orville Stamper bai kwanta ba. Shekarunsa saba'in da huɗu, gwiwoyinsa sun daɗe da daina lanƙwasuwa. Ya dai ɗaga hannu, tsumman goge mota na reto a yatsunsa. Virgil Tackett, ɓarawon da ya daka masa tsawar, ya sauke masa gindin bindiga a kunne. Tsoho ya zube.

Safiyar Lahadi ce, goma da rabi. Mutanen layin duk suna coci. Orville ne kaɗai ba ya zuwa, don ranar yake wanke motarsa. Plymouth ce ja, ƙirar 1968, cikin 'yan tsirarun da aka yi don tseren kwatan mil kawai. Shekara tara ya yi yana raba ta da tsatsa.

Dorsey Mullins na tsaye a bakin gareji, yana kallon jinin. Tsohon makanike ne, sau biyu yana zaman kurkuku, alƙali kuma ya faɗa masa in ya dawo na uku, gawarsa ce za ta fita. Da ma Virgil ya rantse masa satar mota ce kawai, babu maganar bindiga. Mil biyu kawai zai tuƙa zuwa tsohuwar masana'antar katako, inda suka ajiye tirelar da za su ɓoye motar a ciki.

Virgil ya ce masa, "Kawu, kallo ka zo yi ko aiki? Shiga mana, kafin ka mutu a tsaye."

Virgil ya ce shi zai yi gaba ya ɗauko a-kori-kura ya sauke ƙofar tirela. Ya fice. Dorsey ya shiga ya murɗa makulli.

Motar ba ta da salansa mai rage ƙara. Ƙararta ta girgiza tagogin layin, ta haura tudu, ta shiga coci ana tsakiyar wa'azi. Fasto ya juya wajen taga. Kowa a garinmu ya san muryar nan, kowa kuma ya san Orville bai taɓa tada ta ba sai an tashi daga ibada. Matar Orville ta miƙe tana riƙe da ƙirji. Nadine Renfro, 'yar sandan garin, tana layi na uku cikin kayan coci. Ta cire dogayen takalmanta ta fita da gudu, ta faɗa motar aiki ta kunna jiniya.

Dorsey ya iso masana'antar. Tirela na nan, hancinta a ƙasa. Babu a-kori-kura. Virgil ya ji jiniya, ya kwance tirelar daga jikin a-kori-kura ya kama gabansa.

Dorsey bai ko zage shi ba. Mil goma sha ɗaya ne zuwa gada, bayan gada kuma dajin da ya taso a cikinsa, ya san shi kamar yunwar cikinsa. In ya kai can, sai dai su nemi wani.

Ya taka. Motar ta ɗaga gaba — ta tsage titi! Nadine ta shaida wa ofis ta rediyo cewa tana ganinsa, can kuma ta ce ba ta ganinsa. Motarta ta koma ɗigo a madubinsa.

A mil na biyar allurar zafi ta fara hawa. Lagireton motar tsere ɗan ƙarami ne. An yi ta ne ta yi gudun daƙiƙa goma sha ɗaya, a kashe ta, a tura ta inuwa. Mil na shida, allura ta taɓa ja. Ya ji wani ɗan ƙwas-ƙwas a cikin inji, irin wanda makanike kaɗai ke ji. Ya san za ta kai shi gada. Ya kuma san abin da za a tarar in an buɗe ta a can: ƙarfe ya narke ya kama juna, kuma ba a ƙera irinsa yanzu.

Saura mil huɗu ya ɗage ƙafa. Ya gangara gefen wata gonar taba, ya kashe ta. Ya fito ya buɗe bonet don ta sha iska, sannan ya zauna a kan ciyawa.

Nadine ta iso ba takalmi, bindiga a hannu. Ta dube shi, ta dubi hanyar gada.

"Kawu Dorsey, mai ne ya ƙare?"

"Akwai mai, 'yata. Kada dai kowa ya zuba mata ruwan sanyi. Ku ba ta rabin awa."

Ta ce ya miƙo hannu. Ya miƙa.

An kama Virgil bayan kwana uku. Ya ce Dorsey ne ya shirya komai, har dukan tsoho. Aka ba shi shekara shida. Kunnen Orville na hagu bai sake ji ba. Matarsa ta yi wata guda a asibiti. Dorsey kuwa ɗaurin rai da rai.

Da za a fita da shi daga kotu ya tsaya ya tambayi lauyansa ko an duba injin. Lauya ya ce an duba, lafiyarsa ƙalau.

"To," in ji Dorsey. Ya roƙi gandiroba ya yi tafiya a hankali, bayansa na ciwo.