Fanken Bakin Tafki

Mako uku bayan Klaudiya ta nutse a tsohon tafkin kuza na Bukuru, yayarta Magadaliya, wadda ake kira Maman Ana, ta koma bakin hanya da kaskonta. Ba ta yi kuka ranar jana'iza ba. Abinci ma ci take kawai, ba ta jin ɗanɗanonsa.

Tun azahar ta kwaɓa fulawa da yis da sukari, ta rufe robar da leda. Da yamma kwaɓin ya tashi, yana ƙamshin tsami. An ɗauke ruwan sama, sanyi ya sauko, hanya ba kowa sai Haladu mai shayi yana hura gawayi a tsallake. Tafkin yana bayanta, kore, shiru.

Mai ya yi zafi. Ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗebo kwaɓi, ta matso shi tsakanin yatsu ya faɗa cikin kasko.

Ɗaya ta saka. Biyu suka taso.

Ta duba, ta sake sakawa. Cus. Sai wani cus ɗin daga gefen hagunta, inda Klaudiya ta saba zama.

Warin laka ya danne ƙamshin suya. Ruwa na ɗiga a kan benci, ɗis, ɗis.

"Yaya, wutar ta yi yawa," aka raɗa mata. "Cikin ba zai nuna ba."

Magadaliya ba ta waiwaya ba. Ta zare itace ɗaya.

"Haka ya yi?"

"Ya yi. Hannunki ya ɓaci da kwaɓi. Zo mu wanke."

Yatsu masu sanyi suka riƙe wuyan hannunta. Ta miƙe. Zaninta ya shafi kasko, mai ya zubo mata a ƙafa, ta ga fatar tana tashi, ba ta ji komai ba.

Ciyawa. Laka. Ruwa a idon sawu.

Ruwa a gwiwa.

"Saura kaɗan, Yaya."

Ruwa a ƙirji.

Sai aka fizgo ta ta baya da ƙarfi. Haladu ne, yana haki, yana salati, yana jan ta har kan kwalta.

"Maman Ana! Maman Ana, ki yi magana mana!"

Ta dube shi. "Fanke zai ƙone," ta ce.

Ƙunar ta warke cikin wata biyu. Magadaliya ta maida sana'arta kasuwa, tana suya da safe, tana ba da canji ba ta kallon fuskar kowa. 'Yarta Ana ta daina kwana ɗaki ɗaya da ita, ba ta faɗi dalili ba.

Haladu kuwa ya kwashe teburinsa ya koma unguwar Gangare. Da matarsa ta matsa masa da tambaya, sai ya gaya mata.

"Mata biyu na gani a cikin ruwan, kamarsu ɗaya," ya ce. "Na kama wadda hannuna ya kai. Har yau ban san wacce na jawo ba."