Wasiƙu Bakwai a Tsakiyar Littafi

"Buɗe shafi na tamanin!"

Yaya ne ya doka littafin a kan teburinta, har katunan aro suka watse a ƙasa. Auta ta miƙe zumbur. Shekara biyu tana kula da ɗakin karatun makarantar nan ta 'yan mata, inda Yaya yake koyarwa, amma bai taɓa shigo mata da irin wannan fuskar ba.

"Yaya, lafiya?"

"Na ce ki buɗe!"

Ta san littafin kamar yunwar cikinta. Tsohon labari ne da aka rubuta shi wasiƙa-wasiƙa: wata yarinya ke rubuta wa kakarta daga makarantar kwana, tun tana kukan gida har ta zama mace mai tsayawa da ƙafarta. 'Yan aji uku sun karanta shi har bango ya rabu da jiki, shi ya sa ta aika da shi maɗaba'a a gyara. Shekaranjiya aka dawo da shi tare da wasu, ta jera su a kanta.

Ta buɗe. Shafi na tamanin bugun inji ne. Na bayansa kuwa...

Rubutunta ne.

Ta juya shafi, ta sake juyawa. Wasiƙunta bakwai, an jera su tsaf a tsakiyar littafin ɗalibai kamar da ma can nan ne gidansu.

"A ajina!" in ji Yaya. "Yarinya ta miƙe tana karatu, sai na ji tana cewa, 'Yayana yana da zuciya mai kyau, amma ya kulle ta a durowa, mukullin kuma ya ɓata.' Aji ya kwashe da dariya. Yara arba'in! Duk sun san rubutunki, ke kike cika musu kati!"

"Yaya..."

"Wane ne 'hasken idona'?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba ki da baki? A takarda dai na ga kina da shi, har da rara!"

Gaskiya ce, kuma ita ta fi ciwo. Auta ba ta iya magana ba. Tun rasuwar mahaifinsu Yaya ya zame mata uba, in ya ɗaga murya harshenta kan ƙafe. Abin da ke ranta sai a takarda. Mutumin da take rubuta wa kuwa shi ne mai ɗinke littattafai a maɗaba'ar bayan tasha. Kowa Mai Basilla yake ce masa, saboda ƙatuwar allurar da ba ta barin hannunsa. Sau uku kacal suka yi magana ido da ido. Sauran duk wasiƙa ce, a aljihun katin aro na littafin da ke saman kwalin littattafan gyara, wata ta tafi, wata ta dawo, wata goma sha huɗu.

"Shugabar makaranta ta ga littafin," in ji Yaya. Ya zaro takarda daga aljihu ya ajiye. "Na roƙe ta. Ta ce in kin sa hannu cewa mai ɗinke littafin nan ne ya yi wannan don ya tozarta ki, makaranta za ta kai ƙararsa wurin maigidansa, ke ki tsira da aikinki. In ba ki sa ba, ki miƙa mukullin ɗakin nan ranar Alhamis."

"Za su kore shi..."

"Su kore shi mana! Mai warin gam, wanda ko sakandare bai gama ba! Wanda ke son ki zai baza ki a gaban yara?"

Ya fita, ya bar ƙofar tana lilo.

Abin da ke cin ta ba faɗan Yaya ba ne. Wasiƙar Mai Basilla ce ta ƙarshe, wadda ke cikin jakarta yanzu haka. Ya rubuta da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: "Autata, na gaji da ɓuya. In ba za ki iya faɗa wa Yaya ba, ni zan san yadda zan yi ya sani."

To ga shi ya sani.

A gida Inna ta dube ta, ta dubi kwanon da ba ta taɓa ba.

"Autata, ni ban san yaron nan ba. Amma ke kin san shi. Zai aikata?"

"Ban sani ba, Inna."

"Wata goma sha huɗu kina rubuta wa mutum, ki ce ba ki sani ba? To me kuke faɗa a takardun, farashin tumatir?"

Ranar Laraba da hantsi maigadi ya leƙo ɗakin karatu ya ce mata mutumin nan mai gyaran littafi ya zo ƙofa sau uku, amma Malam, wato Yaya, ya ce kar a bar shi ya shigo. Ta ce to. Ta ɗauki biro, ta jawo takardar Shugaba gabanta. Ta ajiye biron, ta jawo littafin, don ta cire abin kunyarta tun kafin wani ya sake gani.

Ta kama wasiƙar farko ta ja a hankali.

Ɓas! Ta ɓalle.

Ta tsaya tana kallon gefenta. Babu huda ko ɗaya. Babu zare. Busasshen gam ne fari, an shafa shi kaca-kaca.

Ta buɗe tsakiyar tsofaffin shafukan. Ga zare nan, huda biyar, ƙulli a ciki, aikinsa sak. Sai ta tuna wata wasiƙarsa ta farkon damina, wadda ta ba ta dariya, don ita tana rubuta masa kewa, shi yana ba ta amsa da sana'a: "Ni ba na liƙa shafi da gam. Bayan shekara ya saki. Abin da nake so ya zauna, ɗinke shi nake yi."

Ta juya littafin ta dubi bakinsa. Sumul, fari fat, an datse shi da inji. A gefen shafi na goma akwai inda wata ɗaliba ta taɓa zana fure da jan biro. Rabin furen ya tafi. Shi kuwa ya sha faɗa mata ba ya yanke bakin tsohon littafi, don kar ya yanke abin da yara suka rubuta.

Ta duba wasiƙunta. Kowacce an yanke mata layin ƙarshe.

Ba ta san lokacin da ta isa ƙofar ajin Yaya ba.

"Yaya, ka zo mu je maɗaba'a."

Ya waiwayo da alli a hannu. "Kin sa hannu?"

"Ban sa ba. Ka zo mu je."

"Ni kike ba wa umarni?"

"Roƙonka nake. Amma in ba ka zo ba, zan tafi ni kaɗai."

Yaya ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ajiye allin.

Maɗaba'ar ɗaki biyu ce. A gaba akwai kanta, inda 'yar maigida ke karɓar aiki tana miƙa wanda aka gama, doguwa, farce ja, mukullai a wuya kamar sarƙa. A baya injuna ke ruri, can lungu kuma teburin Mai Basilla, da ƙwallon zare da guduma da tulin littattafai marasa bango.

"A'a, Malama ce da kanta?" in ji 'yar maigida, tana murmushin da bai kai ido ba. "Mun ji labari. Sannu fa. Maza kenan, ba su da amana."

Auta ta dube ta. Labarin bai fita daga makaranta ba, amma ya iso nan.

Mai Basilla ya taso yana goge hannu a jikin riga. Idonsa ya faɗa, da gani bai yi barcin kirki ba.

"Auta..."

"Kar ka kira sunanta!" Yaya ya daka masa tsawa. Ya tura masa littafin a ƙirji. "Aikinka ne wannan ko ba aikinka ba?"

Ya karɓa. Bai buɗe ba ma. Ya shafa bakin littafin da babban yatsa, fuskarsa ta canza.

"Wa ya yanke shi?"

"Kai nake tambaya!"

"Malam, ɗinkin nawa ne. Yankan ba nawa ba ne." Ya buɗe, ya ga wasiƙun, ya ga gam. Ya runtse ido. "Wannan ko makaho ba zai ce ni na yi ba. Dubi yadda aka zuba shi, kamar ana shafe bango."

"Kowa ya iya musu," in ji 'yar maigida daga kanta. "Wa ke da takardun in ba shi ba?"

"A gwangwani suke, ƙarƙashin teburina. Ranar Asabar na gama littafin nan, na kawo miki ki naɗe. Ranar Litinin na buɗe gwangwani, bakwai babu." Ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da wani ƙullin tsumma. "Na birkice shagon nan. Wannan na samu a kwandon da ke ƙarƙashin injin yanka. Shi ya kai ni ƙofar makaranta har sau uku."

Ya kwance. Siraran takardu ne guda bakwai, kowacce faɗinta bai fi yatsa ba, da layi ɗaya na rubutu.

Auta ta ɗauki ɗaya ta ɗora a gindin wasiƙar da ta ɓalle. Suka haɗu, har wutsiyar harafin da aka raba.

"Wa ke amfani da injin yanka?" Yaya ya tambaya. Muryarsa ta sauka.

"Kwaɗo ne a jikinsa, tun da ya taɓa cin yatsan wani. Ni ban taɓa riƙe mukullinsa ba," in ji Mai Basilla.

Idanu ne kawai suka koma kan wuyan 'yar maigida. Ta sa hannu ta dafe mukullan.

Maigida, wanda tun ɗazu yake tsaye a ƙofar ciki da tawada a hannu, ya ce a hankali, "Ke. Dube ni."

"Baba, takardun sun fi littafin tsawo, suna leƙowa, shi ya sa na..." Ta kama bakinta. Sai kuma ta fashe. "Shekara uku ina kawo masa shayi! Shekara uku! Ko sannu da kyau bai taɓa yi mini ba, sai ya zauna yana shinshina takardar wata kurma da ko gaisuwa ba ta iya ba!"

"Shige ciki," in ji maigida. "Ajiye mukullan a nan."

Ta watsar da su a kan kantar, ta shige.

Yaya ya gyara tsayuwa. Ba mutum ba ne mai saurin sauka. "To, ba kai ka yi ba. Zan gaya wa Shugaba. Amma wannan bai sa na ba ka ƙanwata ba. Kai ka rubuta mata za ka san yadda za ka yi in sani, ko ƙarya ne? Na gani a jakarta a gida."

"Na rubuta. Riga na ba tela ya ɗinka mini, Malam. In zo gidanku in durƙusa, ka kore ni da bakinka. Ita ce dabarar tawa gaba ɗaya."

Yaya ya juya. "Auta, mu tafi."

Ba ta motsa ba.

Siririyar takardar na hannunta har yanzu. Ta dube ta. Layin da ta rubuta wata huɗu da suka wuce ne, wanda inji ya yanke, yara ba su samu sun karanta ba. Injuna sun yi shiru, ma'aikata sun zuba ido.

"Yaya, akwai abin da ba a karanta maka ba a aji."

"Ba na son ji."

"Za ka ji." Muryarta ta karye, ta sake ɗaga ta. "Na rubuta, 'Ina son ka, kuma ina tsoron Yaya.' Na farkon yana nan, bai canza ba. Na biyun ne na gaji da shi. Kai ka rene ni, ba zan yi aure ba sai da yardarka. Amma ba zan ƙara ɓoye maka a aljihun littafi ba. Shi nake so. Ga ni, ga bakina."

Mai Basilla ya sunkuyar da kai, yana murza tsumman da ke hannunsa.

Yaya ya kalle ta. Idonsa ya yi ja. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Durowa," ya ce. "Wai a durowa na kulle ta."

"Yaya, ka yi haƙuri..."

"Yanzu duk inda na bi, yara sai sun tambaye ni ko an ga mukulli." Ya yi tsaki, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tsaya, bai waiwayo ba. "Kai. Akwai ƙamus ɗin mahaifinmu a gida, shekara goma bangonsa a cire. Na kai wa mutum biyu, duk gam suka zuba masa, ya sake saki."

"Zan duba shi, Malam."

"Ba a shago ba. Ka zo gida ranar Asabar da yamma ka duba shi a gaban Inna. In telan naka ya gama rigar, ka sa."

Ya fita.

Auta ta tattara siraran takardun bakwai. Mai Basilla ya miƙo hannu, ta noƙe.

"Ba ni mana, zuciyata, in mayar da kowacce gindin uwarta."

"Bar su," in ji ta. Hawaye na zuba, amma murya ba ta rawa. "Sauran shidan da baki zan faɗa maka. Ɗaya-ɗaya."

Daga waje Yaya ya ƙwala kira: "Auta! Sai na aiko miki da wasiƙa?"